Launin da Dilshad Ya Kaɗa

Iska ce ta haɗa su, ba ɗan aike ba.

Da hantsi ne. Tabassum tana saman soron gidansu a layin marina na Jaipur, tana shanya mayafan da ta tsamo daga tukunya, sai iska ta fizge guda daga hannunta, ruwan ɗorawa, jiƙe sharkaf, ta haye katanga da shi. Ta yi ɗage ta leƙa don ta ga inda ya sauka. Ashe a kan mutum ya sauka.

Saurayi ne zaune a kan darduma, ya tanƙwashe ƙafa, ya rungume sarangi a ƙirji, gogen nan namu mai tsirkiya da yawa. Mayafin ya rufe masa kai da kafaɗa, amma bai fasa kiɗan ba. Sai da ya kai sautin inda yake son kai shi, sannan ya ajiye bakan gogen, ya yaye mayafin a hankali. Farar rigarsa ta koma kamar an kwaɓa ta da kurkur.

Kunya ta kama Tabassum. Ta ba shi haƙuri, ta ce ya miƙo rigar ta wanke masa kafin rinin ya kama. Ya dubi rigar, ya ɗago ya dube ta.

"Ki bar ta," ya ce. "Tun asuba nake neman wannan launin a jikin tsirkiya ban same shi ba, sai ga shi kin jefo mini daga sama."

Ta karɓi mayafinta ta juya. A ranta ta ce wannan ko dai taɓaɓɓe ne, ko kuma bakinsa ya fi hannunsa iya kiɗa. Amma har ta gama shanyar ba ta daina murmushi ba.

Sunansa Dilshad. Daga wani ƙauye ya zo ta wajen Sikar don ya yi karatun kiɗa a gaban wani tsohon malami, Ustad Basharat, ya kama hayar ɗakin saman maƙwabta. Abin da zai ci kuwa a gidajen biki yake samowa, a zaune can gefen darduma.

Ita kuma Tabassum ita kaɗai Allah ya ba Haji Badruddin, marinin da sunansa ya zaga garin. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, gwaggonta Zaibun ce ta raine ta, wadda duk layin ke kira Fufi. Tun da yanar ido ta fara rage ganin Haji, haɗin rini ya koma hannun Tabassum. Shi yana shago yana ciniki yana karɓar yabo, ita tana sama da tukwane. Ba ta awo da cokali. Ta ɗebi bawon rumman, ta ɗebi shuni, ta ɗebi furen kusum mai ba da ruwan hoda, hannunta ne ke gaya mata ya isa.

To, duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba a yin kiɗa kara zube. Kowane raga, wato salon kiɗa, da lokacinsa, kamar abinci. Akwai na asuba, akwai na faɗuwar rana, akwai wanda ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka. Dilshad kuwa bai taɓa saɓa wa wannan ba, don malaminsa ba ya wasa.

Tabassum ba ta lura da abin da ke faruwa da ita ba sai daga baya. Idan ya ɗauko Bhairav da sassafe, mai nauyin nan kamar dattijo ya idar da salla yana lazimi, sai ta ga tukunyarta ta ba da ruwan goro irin na gefen sama kafin rana ta ɓullo. Da yamma idan ya koma Yaman, lokacin da ake kunna fitilu, shuɗi ne ke zuwa mata, mai sanyi, wanda ido ke hutawa a kai. Da damina ta faɗi ya shiga Malhar, kore ya cinye igiyoyin soron: na tohon mangwaro, na bayan aku, na ruwan tafki. Ba ta yi niyya ba. Kunnenta ne ke ji, hannunta ya bi.

Ba ita kaɗai ba ma. Mace za ta shigo shagon da niyyar sayen ja, ta tsaya tana jujjuya mayafai, kiɗan yana gangarowa ta tagar sama, sai ka ji ta ce a miƙo mata koren can. Ta je gida mijinta ya tambaye ta ina jan, ta rasa abin cewa. Fufi ce ta fara gano wannan, ita da ba abin da ke wuce ta. Da ta ji yaron ya ɗaura wani raga, sai ta yi maza ta sauya jerin kayan, ta fito da launin da ya dace sama. Haji ya ce wannan shirmen mata ne. Amma bai taɓa hana ta ba.

Wata rana Dilshad ya shigo shagon da rigar nan, ya ce tun da rabinta ya riga ya rinu, a ƙarasa masa. Ya bar lambar wayarsa, wai don a kira shi idan an gama. Fufi ta kalle shi sama da ƙasa ta ce gidansa taku nawa ne daga nan da sai an kira shi a waya? Ya sunkuyar da kai. Ta dai karɓi lambar, kuma ba a san yadda aka yi ta faɗa hannun Tabassum ba.

Saƙon farko ita ta tura: "Mai goge, rigarka ta bushe. Kuma yau ka makara, na tsaya ina jiranka har ruwa ya huce."

Ya amsa: "Tuba nake, Gulabi. Tsirkiya ce ta tsinke. Gobe kafin ki hura wuta za ki ji ni."

"Wa ya ce maka sunana Gulabi?"

"Kumatunki, ranar da mayafi ya faɗo."

Gulabi dai ruwan hoda ke nan a harshenmu. Daga ranar sunan ya bi ta. Suka kuma samo wata hanyar magana da ta fi waya. A kusurwar katangar da ta raba sorayen biyu akwai wata ƙusa. Duk abin da ya kaɗa, idan ta tsamo rinin da ya fito, sai ta rataye ƙyalle ɗaya a ƙusar nan, amsarta ke nan. Ya kan zauna ya zuba wa ƙyallen ido, ya ce yanzu ne yake ganin abin da ya kaɗa. Wani lokaci ma gardama suke yi. Ya ce Yaman ɗinsa ba shuɗi ba ne, fari ne kamar madara. Ta ce to ya koma wajen malaminsa, don shuɗi ya kaɗa.

Da yamma sukan tsaya, ita ta nan shi ta can, katanga a tsakani, yara na ta sakin filfilo a sama. Ya taɓa tambayarta ko shunin da ke farcenta yana fita. Ta ɓoye hannun a bayanta ta ce ba ya fita, haka 'yan marina suke. Sai ya nuna mata nasa yatsun, inda tsirkiya ta ci gindin farce har ya yi kanta.

"Ni ma nawa ba ya fita," ya ce. "Kin ga ba mai yi wa wani gori."

Irin wannan abu ba ya ɓoyuwa a layin da kowa ke shanya a sama. Magana ta je kunnen Haji.

Bai yi faɗa ba, don shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya kira ta bayan la'asar, ya sa ta zauna, ya ce yaron yana da ladabi, ya sani, yana gaishe shi a masallaci. Amma makaɗi makaɗi ne. Abincinsa yana gidan bikin wasu, sai an gama da manyan baƙi a tuna da shi. Kuma tun kaka da kakanni 'yar marini marini take aure, don sirrin tukunya kada ya fita dangi. Ga Sarfaraz ɗan ƙaninsa, yana da shago a bakin babban titi, yana da babur, ya daɗe yana magana.

Sarfaraz ba mugun yaro ba ne, a faɗi gaskiya. Yana dai da son a gan shi, kuma rinin leda yake yi, irin na kamfani, a zuba gari a ruwa a motsa.

"Abbu," Tabassum ta ce, idonta a ƙasa, "ban taɓa yi maka musu ba. Ba zan fita gidanka ba tare da albarkarka ba. Amma kada ka sa in ce ina son Sarfaraz, don ƙarya zan yi maka."

Haji ya ce yarinta ce, za ta wuce. Ya hana tsayuwar katanga. Ƙusar dai bai san da ita ba, saboda haka ƙyalle ya ci gaba da hawa.

Ana nan sanyi ya fara ja da baya, lokacin bukukuwa ya kama. Seth Girdhari Lal, babban mai sayar da duwatsun ado, zai aurar da ɗansa. Gidan nan tun zamanin kakan Haji ba sa kai rini ko'ina sai layinmu. Suka aiko da aikin rawunan 'yan rakiyar ango kaf, ruwan hoda, da kuma jan mayafin amarya. Tsohuwar gidan, mahaifiyar Seth, ta aiko da cewa irin hodar da aka yi a bikin ɗanta take so, ba wata ba.

Tabassum ta fara da mayafin amaryar. Ya fito ja wur, kyakkyawa. Ta sauka ƙasa ta sha ruwa, ta bar Fufi da shanya. Igiyoyi duk sun cika. Fufi ta duba nan, ta duba can, ta ga ƙusa a kusurwa ba kowa, ta rataye shi a nan.

Dilshad ya fito daga ɗaki ya ga jan mayafin amarya a ƙusarsu.

Bai kaɗa wani abu mai ja ba ranar. Ya tsaya yana kallo, yana neman wata fassara, bai samu ba. Ya sauka wajen mai shayi don ya sami natsuwa, sai ya tarar da Sarfaraz zaune a kan babur yana cin kacori, soyayyen abin nan mai kama da fanke. Sarfaraz ya bi idonsa zuwa saman soron, ya gane, ya yi murmushi.

"Malam, ka ga jan can ko? Ka gyara gogenka, biki ya matso. Kai za a ɗauka, ai na gida ne."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Bai dai faɗi bikin wa ba.

Kafin azahar saƙo ya shigo wayar Tabassum: "Na ga amsarki a ƙusa. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Ba zan ƙara damunki ba."

Ta hau sama da gudu, ta ga mayafin, ta fahimci komai. Ta ɗauko wayar za ta yi masa bayani, har ta fara rubutawa, sai zuciya ta ɗebe ta. Wato bayan duk wannan, abin da ya ɗauke ta ke nan? Mai sanar da aurenta da ƙyalle a ƙusa? Ko tambaya ba zai yi ba? Ta goge abin da ta rubuta, ta tura masa kalma biyu: "Na gode."

Ai kuwa kalma biyun nan sun ja wa layin marina abin da bai taɓa gani ba.

Washegari da sassafe, lokacin da kowa ke jiran Bhairav, sai aka ji Marwa. Marwa kuwa na faɗuwar rana ne, lokacin da haske ke tafiya duhu bai gama zuwa ba, lokacin da mai jiran wani ke fara sanin ba zai zo ba. Sauti ne da ke ta kewaya gida ba ya shiga. Jin sa da safe kamar mutum ya tare ka da hantsi ya ce maka sai da safe. Tsofaffin layin suka leƙo ta taga. Mai shayi ya ce madararsa ta tsinke. Da rana Marwa, da la'asar Marwa. Washegari ma haka.

Shago ya canza. Mata su shigo sayen kayan biki, su tsaya shiru, su fita da ruwan toka ko ruwan ƙasa. Wata amarya ta zo da ƙawayenta suna dariya, ta ɗaga mayafi ɗaya, kawai sai hawaye, ta ce ita kewar mahaifiyarta take ji tun ba a kai ta ba. Fufi ta rasa launin da za ta fitar sama.

Tabassum ta ce ita ba ruwanta, ya kaɗa abin da ya ga dama. Ta hura wuta, ta jiƙa furen kusum, ta matsa lemon tsami kamar kullum. Ta tsoma rawunan Seth. Tana aiki, hannunta yana zuwa inda ba ta aike shi ba, nan ɗan shuni, can ɗan ruwan tsatsa, wai don hodar ta zauna. Sai da suka bushe ta ja da baya ta duba.

Ba hoda ba ce. Wani ja ne mai duhu, a mace, kamar hanta.

Fufi ta dafe ƙirji. Wannan ai shi ne rawanin da ake naɗawa a je gaisuwar mutuwa. A ce 'yan rakiyar ango su fito da shi a ka? Gidan Seth ba za su ce kuskure ba ne, cewa za su yi an yi wa ɗansu mugun fata.

Haji ya hau sama da kansa. Ya kai rawanin dab da idonsa, ya juya shi ta wajen rana, ya ajiye. Ya ce a sayo sabon yadi a sake. Aka sake. Na biyun ya ɗan fi, amma hoda ce irin ta furen da ya kwana a ƙasa.

Sarfaraz ya zo da ledarsa, ya ce a bar wahala, kafin a sha shayi ya gama. Ya rina guda aka kai wa tsohuwar gidan Seth ta gani. Ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce wannan yana cizon ido, a mayar, kuma a gaya wa Badruddin idan hannun gidansa ya mutu ya faɗa mata tun da wuri.

Biki saura kwana kaɗan. Haji ya zauna a ƙofar shago, Marwa na zuba a kansa daga sama. Mutum ne da ya ga duniya, kuma ciniki ya koya masa cewa abin da ka ƙi yarda da shi ba ya fasa zama gaskiya don ka ƙi. Can ya ɗauki sandarsa, ya shiga gidan maƙwabta, ya kama matakala.

Tabassum tana saman nasu soron a tsakanin shanya. Ta ji ƙarar sandar, ta ji kiɗan ya yanke. Ta matsa jikin katanga ta lafe.

"Zauna abinka," ta ji mahaifinta ya ce yana haki. "Yaro, me na tare maka da kake neman rufe mini shago? Malaminka bai koya maka safe daban yamma daban ba?"

Dilshad ya ce ya koya masa. Ya ce Ustad ma ya kore shi daga darasi, ya ce kada ya dawo sai ya tuna ƙarfe nawa ne a duniya. Kullum da asuba yana ɗaura Bhairav, amma kafin ya ankara yatsunsa sun koma can.

"Haji Sahib, ba da gangan nake yi ba. A wajena rana ce ta tsaya a bakin faɗuwa, ta ƙi faɗawa ta ƙi dawowa. Ka ƙara haƙuri kaɗan. Da an ɗaura auren zan bar garin."

"Auren wa?"

"Na Tabassum. Na ga mayafin a ƙusar da take rataye mini amsa."

Sai Tabassum ta ji abin da ta daɗe ba ta ji ba, mahaifinta yana dariya har da tari. Ya ce mayafin surukar Seth Girdhari Lal ne, kuma in dai ba Dilshad yana da niyyar nema wa kansa rigima da masu duwatsun ado ba, to ya daina yi wa amaryar mutane makoki.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta yaye rawanin da ke gabanta, ta leƙo ta saman katanga.

"Da ka tambaye ni," ta ce. "Kalma ɗaya, mai goge. Ka san hannuna a kan kowane launi, amma ba ka san ni ba?"

Dilshad ya miƙe har sarangin ya kusa faɗuwa. Ya ce shi dai tun farko bai taɓa ganin ya kai ba, shi ya sa da ya ga jan bai yi mamaki ba. Ta ce wannan ba uzuri ba ne. Ya ce ya sani.

Sannan ta juya wajen mahaifinta. Ba ta sunkuyar da kai ba wannan karon.

"Abbu, ka ga rawunan da idonka. Ban ɓata su don in tilasta maka ba, wallahi na yi iya yina. Ka ce sirrin tukunya kada ya fita dangi. To rabin sirrin yana wannan gefen katangar tun bara."

Haji ya dube ta, ya dubi yaron da rigarsa ruwan ɗorawa, rinin gidansa. Ya daɗe yana shafa gemu. Shi ba ya sayen kaya bai gwada ba, ko da 'yarsa ce dillaliya.

Ya ce to. Gobe da safe kowa ya koma bakin aikinsa, a kaɗa na safe da safe. Idan hodar da tsohuwa ke nema ta fito, Ustad Basharat ya zo ya same shi, za a ba shi wurin zama da shayi. Idan ba ta fito ba, kowa ya san inda ya nufa. Ya juya zai sauka, ya ƙara da cewa kuma wani ya cire masa ƙusar can kafin ta kashe aure a unguwa.

Da magariba wayarta ta yi ƙara: "Gulabi, na yi wauta. Ina tsoron gobe. Idan hannuna ya sake ƙi fa?"

Ta bar shi ya ɗan jira, don ya ji yadda abin yake. Sannan ta rubuta: "Kada ka kaɗa don Abbu, kada ka kaɗa don Seth. Ka kaɗa mini ranar da mayafi ya faɗo maka. Sauran aikina ne."

Gari na wayewa Bhairav ya tashi, a natse, a kan lokacinsa. Mai shayi ya ɗaga kai ya ce alhamdu lillahi. Tabassum ta hura wuta ta jira. Da rana ta ɗaga, ruwa ya yi ɗumi, sai Dilshad ya saki Bahar, ragan ƙarshen sanyi, lokacin da itatuwa ke fure. Ya fara a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, sannan ya buɗe. Sautin ya riƙa tsalle yana hawa, ya je can sama ya yi wasa, ya gangaro yana dariya. Sarangi a hannun wanda ya iya ai murya ce ta ɗan'adam, kuma ranar duk layin ya ji me muryar ke faɗi. Masu shanya a sauran soraye suka tsaya da ƙyalle a hannu.

Tabassum ba ta kalli kwanon shuni ba ko sau ɗaya. Ta matsa lemo, ruwan kusum ya juya a idonta, ta tsoma yadin ta ɗaga, ta sake tsomawa. Da ta ware shi a iska, Fufi da ke tsaye a bakin matakala ta kai gefen mayafinta ido.

Hoda ce mai rai. Ba ta ihu, ba ta kuma ɓuya. Kamar kumatun yarinyar da aka faɗa wa magana mai daɗi a gaban mutane.

Aka kai wa tsohuwar gidan Seth. Ta shimfiɗa rawanin a cinya, ta shafa, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ba irin ta bikin ɗanta ba ce. Ta ɗago kai. Ta ce ta fi ta, kuma duk wadda ta rina wannan a yi mata aure da wuri, don a bayyane yake.

Ranar Juma'a Ustad Basharat ya zo da kwalin alewar laddu, yana tafe yana dogara kafaɗar ɗalibinsa. Tsofaffin biyu suka zauna suka sha shayi, kowa yana yabon sana'ar ɗan'uwansa yana nufin tasa ta fi. Haji ya kafa sharaɗi ɗaya: 'yarsa ba za ta bar tukwanenta ba, saboda haka ango ne zai tare. Ustad ya ce shi ma da nasa: ba mai sa yaronsa ya kaɗa raga ba a lokacinsa ba don a sayar da mayafi. Fufi ta leƙo daga bayan labule ta ce wannan kuma a bar mata, ita ta san yadda take jera kayanta.

An ɗaura aure kafin zafi ya shigo. Layin marina kaf aka yi masa rumfa da rawuna, daga wannan soro zuwa wancan, har rana sai ta canza launi kafin ta taɓa ƙasa. Sarfaraz ma ya zo, shi ya yi ta rabon shinkafar biriyani yana gaya wa kowa cewa ai shi ya fara sanar da ango biki ya matso. Amarya ta fito da jan mayafin da ta rina da hannunta. Ango kuwa a ƙarƙashin babbar rigarsa ta biki, in ka lura da wuyan, wata tsohuwar riga ce ruwan ɗorawa.

Wani abokin Haji ya matso ya tsokane shi, ya ce ashe dai an ba makaɗi. Haji ya gyara zama ya ce shi bai ba kowa komai ba. Shekara guda yana shan kiɗa ta saman katanga a kyauta, kullum gabansa na faɗuwa kada mai gidan ya ƙara wa yaron haya ya tashi. Yanzu ya shigo da abinsa cikin gida.

Amma da aka kawo su gabansa, wasan ya ƙare. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Dilshad. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a ta gari, ya sa su tsufa tare. Ya ce ranakun Marwa za su zo, ba gidan da ba sa zuwa, amma Allah ya sa su zo a lokacinsu su wuce a lokacinsu. Jama'a suka ce amin.

Bayan biki magina suka fasa katangar, sorayen biyu suka zama ɗaya. Ƙusar nan kuwa ba a jefar ba. Tabassum ta sa an kafa ta a cikin ɗakinsu, kuma a nan Dilshad ke rataye sarangi.